Cajar motar lantarki a hanyar Abuja zuwa Jos: wutar NEPA, sola ko janareta?

Kawuna yana da gidan mai a bakin titi kusa da Akwanga, famfo huɗu, da ɗan shago da masallaci a gefe. Kwanakin baya ya shigo Abuja, ya aika na same shi a gidan ɗansa da ke Kubwa. Bayan mun gaisa sai ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihun babbar riga ya miƙo mini. Hoton caja ce, fara, doguwa kamar firji, an rubuta cewa tana cika mota cikin minti 30. Ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini wannan. In zuba kuɗina a nan, ko in ƙara famfo?" Na ce, "Kawu, ku ba ni mako guda." Abin da na tattara masa ne nake son in shimfiɗa a nan, don na san masu gidajen mai da masu otal da yawa suna juya irin wannan takarda a hannu.

Tambayar tasa ba ta wasa ba ce. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta wuce 500, har ta taɓa 1,000 a ƙarshen 2024. A shekarar 2024 ɗin kuma gwamnati ta cire harajin VAT daga kan motocin lantarki. Tun kafin nan hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, kuma an riga an fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. Yanzu wanda ke yawo a Wuse ko Maitama zai riƙa cin karo da motocin Sin marasa ƙara suna wucewa. Motocin suna zuwa. Abin da ba a amsa ba shi ne ko za su iso da yawan da zai biya kuɗin cajar kafin cajar ta tsufa.

Mu fara da hanyar kanta. Daga Abuja zuwa Jos, in ka bi Keffi, Akwanga, Gwantu, ka haura Hawan Kibo ka faɗa Riyom, tafiyar ta kusa kilomita 300. Matsakaiciyar motar lantarki a kan babban titi, da na'urar sanyi a kunne, tana cin wajen yunit 18 a kowane kilomita 100. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kake saya wa mitar gidanka. Ke nan tafiyar za ta lashe yunit 50 da ɗoriya. Sai hawa: Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, Abuja ba ta kai rabin haka ba, kuma ɗaga mota mai nauyin tan biyu tsawon mita 800 yana cin wani yunit 4 zuwa 5. A dawowa motar na maido da wani ɓangare nasa a gangara, domin birkinta yana mayar da wuta cikin batir, amma a zuwa sai an biya. Mai batir na yunit 64 irin na Kona zai isa Jos da ɗan saura. Mai batir na yunit 40 ko 50 ba zai yarda ya tunkari Hawan Kibo ba tare da ya ƙara ba, kuma babu mai hankalin da zai so wuta ta ƙare masa a dajin nan da yamma. Saboda haka Akwanga wuri ne mai kyau. A wannan dai Kawu ya dace.

Sai farashi, kuma a nan akwai rufin da ba ya ɗaguwa. Mu ɗauki Corolla mai shan lita 8 a kilomita 100, mu sa lita a naira 900. Naira 7,200 ke nan. Raba wannan da yunit 18, za ka samu naira 400. Ma'ana, ranar da ka sayar da yunit sama da naira 400, mai ƙaramar motar lantarki ya fara biyan abin da ya fi na fetur. Ga mai babbar mota lissafin na iya kaiwa wajen 500. Matafiyin da ke yin cajinsa a gida kullum, sai sau ɗaya a wata ya hau hanya, zai haƙura ya biya 450 ko 500 don ba shi da zaɓi. Direban haya da ke zirga-zirga kowace rana ba zai haƙura ba, domin saboda rarar nan ya sayi motar, kuma yana da wata ƙofar: ya mayar da tsohuwar motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG. Don haka a lissafina na tsayar da farashin sayarwa a naira 450.

Yanzu abin da mai takarda mai sheƙi bai faɗa wa Kawu ba. Caja ba kamar famfon mai ba ce. Famfo yana sallamar mota cikin minti uku, kuma mafi yawan kuɗinka yana cikin man da ke tanki, wanda in bai tafi yau ba zai tafi gobe. A caja kuwa mafi yawan kuɗin yana cikin ƙarfen da ke tsaye, ko mota ta zo ko ba ta zo ba yana tsufa, mai gadi yana karɓar albashi. Mu ƙaddara caja mai ƙarfin kilowat 120 mai baki biyu, da taransifomarta, da wayoyi, da rumfa, da kuɗin dako da na kafawa, sun tashi a naira miliyan 60. Wannan lambar misali ce, kowa ya sa tasa a gurbinta idan ya karɓi farashi, tsarin lissafin ba zai canza ba. In kana son kuɗinka su dawo a shekara biyar, miliyan ɗaya ke nan kowane wata. Ƙara rabin miliyan na ma'aikaci, mai gadi, gyara da intanet. Miliyan ɗaya da rabi a wata, wato naira 50,000 kowace safiya tun kafin mota ta farko ta shigo.

Mota guda takan ɗauki kamar yunit 30 a tsayawa ɗaya, domin direbobi ba sa jiran batir ya cika. Daga kashi 80 cikin ɗari cajin yana yin sanyi sosai, sai su zare su kama hanya. Idan mota biyu ce rak ta zo a yini, yunit 60 ne zai ɗauki nauyin 50,000 ɗin nan, kowane yunit ya ɗauki sama da naira 830, ba a ma sa kuɗin wutar ba tukuna. Idan mota 20 ce, nauyin ya sauko zuwa naira 83. Caja ɗaya, wuri ɗaya, ma'aikaci ɗaya, amma bambancin ninki goma. Duk gardamar da ake yi kan wace wuta ta fi arha tana bayan wannan. Na daɗe a kan wannan da Kawu fiye da komai, don shi ne ke karya masu wannan sana'a a ko'ina.

To, a ina za a samo wutar? Hanya uku ce.

Ta farko wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 210. Band A shi ne layin da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a yini. Tsakanin mita da batirin mota akan yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari a zafi da juya wuta, don haka yunit ɗin da ya shiga mota yana tsaya maka a wajen naira 230. Ka sayar 450, ribar yunit 220, ribar mota 6,600. Don ka rufe 50,000 na kullum kana buƙatar mota 8 a yini. Ba a mako ba, kowace rana, har da Talatar da hanya ke fayau. A cikin ukun wannan ce mafi ƙarancin jari, kuma mafi arhar yunit idan wutar tana nan.

Matsalarta biyu. Ta ɗaya, kilowat 120 ba abin da za a jona a taransifomar unguwa ba ne. Ya kai abin da gidaje da dama ke ja a tare, kuma yana zuwa ne farat ɗaya da zarar an soka baki a mota. Sai ka sayi taka taransifomar, wajen kVA 200, ka jawo layi daga babbar waya, kuma tsawon wannan jan shi ke sa wuri biyu masu kama da juna su bambanta da miliyoyi. Kafin komai a je a tambayi kamfanin rarraba wuta wane layi ne ya bi ta gaban filin, kuma a wane rukuni yake. Hanyar nan ma ta ratsa kamfanoni uku: Keffi da Akwanga suna ƙarƙashin na Abuja, Gwantu tana jihar Kaduna, Riyom da Jos kuma na kamfanin Jos ne. Ta biyu ita ce ɗaukewa. Awa 20 na nufin awa huɗu babu, kuma ba kai ke zaɓar waɗanne ba. Wanda ya yi Oktoban 2024 a Jos ko Kano bai manta ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka shafe fiye da mako cikin duhu. Mai sayen fetur in ya tarar babu, ya matsa gidan mai na gaba. Mai lantarki da ya iso Akwanga da kashi 15 ya tarar caja a mace ba shi da gaba. Zai kwana a nan, kuma kafin gari ya waye duk rukunin WhatsApp na masu irin motarsa sun ji labari. Mutanen ba su da yawa, sun san juna, suna ɗaya ya ɓaci shi ke nan.

Ta biyu janareta, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Injin dizal mai lafiya yana ba da yunit 3 zuwa 3 da rabi a kowace lita. Ko a naira 1,200 ka sayi lita, yunit ya kusa 400 tun daga bakin inji. Ƙara asarar caja, baƙin mai, tacewa da kanikanci, ka kai 450 ko ka wuce. Riba babu, kuma injin da zai ɗauki wannan caja dole ya kai kVA 150 ko fiye, wanda shi ma jari ne. A kilomita 100 motar ta ƙona lita 6 na dizal ta bayan gida, kusan abin da motar dizal za ta sha da kanta. Janareta na da amfani ɗaya: ya tsaya a matsayin mai ceto, ranar da komai ya mutu a ba matafiyi yunit 15 ya isa gida. A gina kasuwa a kansa kuwa asara ce da aka sa mata hannu tun ranar farko.

Ta uku sola da batir, wadda ita ce ta fi burge Kawu, don ya ga yadda ta raba gidan ɗansa da sayen fetur. A yankinmu kowane kilowat na faifan sola yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini idan aka daidaita shekara. Mota goma a yini yunit 300 ne, da asara ya kai 350. Kana buƙatar kusan kilowat 80 na faifai, wato manyan faifan nan masu wat 550 guda 150, waɗanda za su rufe fili kamar murabba'in mita 400. Sai batir, domin rana ba ta san lokacin da mota za ta iso ba, kuma ko da tsakar rana faifan ba za su ba da kilowat 120 su kaɗai ba. Batir na yunit 200 daidai yake da guda 40 na batirin lithium mai yunit 5 da ake rataye wa a bango a gidaje. Duk wanda ya taɓa sayen guda ɗaya zai iya ninkawa. Jarin zai ninka na tsarin NEPA, wataƙila ya fi, kuma kusan komai nasa da dala ake shigo da shi, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a 2024.

Amma akwai abin da ke taimaka wa sola a wannan hanya musamman. Mutane ba sa son dare ya yi musu tsakanin Gwantu da Hawan Kibo, don haka yawancin tafiyar da rana ake yi. Wanda ya bar Abuja da safe zai iso Akwanga da hantsi, wanda ya taso daga Jos ya iso wajen azahar. Lokacin da motoci ke tsayawa shi ne lokacin da rana ke aiki, wanda ke rage girman batirin da ake buƙata. A ɗaya gefen kuma, Yuli da Agusta hadari yana rage abin da ake samu sosai, ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe faifan, sai an sa yaro yana wankewa akai-akai.

Babban aibin sola a nan bai shafi rana ba. Wutar NEPA in mota ba ta zo ba, ba ka saya ba, ba ka biya ba. Sola kuwa ka riga ka biya kuɗin wutar shekara ashirin tun ranar kafawa. Da zarar batir ya cika kuma babu mota, sauran hasken yinin ya tafi a banza. Wato sola tana ƙara wa nauyin nan na kullum kiba, ta mayar da 50,000 zuwa 100,000 ko fiye, a daidai lokacin da ciniki bai kankama ba. Idan motoci sun yi yawa ita ce sarauniya, domin kowane ƙarin yunit kusan kyauta yake zuwa. Idan ba su da yawa ita ce mafi saurin cinye mutum. Hanya ɗaya da na ga ta warware wannan ita ce a samar wa wutar wani mai sha. Gidan mai irin na Kawu yana ƙona dizal kullum don famfuna, fitilu da firji. In sola ta ɗauke wannan, ta ƙara da ɗakin sanyi ko injin ƙanƙara, ta fara biyan kanta tun kafin motar lantarki ta leƙo, cajar ta zama ƙari a kan abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma gauraye, wanda shi ne zaɓina in har za a gina. A jawo wutar NEPA kaɗan, kamar kilowat 30, tana tsiyaya cikin batir dare da rana kamar yadda famfon unguwa ke cika tankin sama. Mota ta zo, batir ya juye mata da ƙarfi. Kilowat 30 sau awa 20 yunit 600 ne, abincin mota kusan 18 bayan an cire asara. Ba ka buƙatar ƙatuwar taransifoma, ɗaukewar wuta ta awa biyu ko uku ba ta dakatar da ciniki, kuma ana iya ɗora faifan sola a kan rumfar gidan mai sannu a hankali gwargwadon yadda ciniki ke ƙaruwa. Iyakarsa ita ce jerin gwano: mota huɗu ko biyar a jere za su zuƙe batirin, ta shida ta koma jiran tsiyaya. Kuma a fara da caja mai kilowat 60 ba laifi ba ne. Yunit 30 a kanta rabin awa ne da 'yan mintuna, kuma da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke shigowa ba sa ma iya karɓar 120 ɗin. Biyan kuɗin saurin da motar ba za ta sha ba ɓarna ce.

Na tambayi Kawu da wane kuɗi zai yi. Ya ce rabi nasa, rabi banki. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Bashin miliyan 30 a kashi 30 yana nufin ruwan miliyan 9 a shekarar farko, naira 750,000 a wata, rabin duk sauran nauyin a haɗe. Mota 8 ta koma 11 ko 12. Kawu dama ba ya son mu'amala da ruwa, ya ce zai bi ta bankin Musulunci. Na ce hakan ya fi masa kwanciyar hankali, amma su ma za su sayi kayan su sayar masa da ribarsu, kuma ranar biya ba ta jiran mota. Sana'ar da cinikinta ke tafiyar hawainiya a shekarun farko ba ta jituwa da bashi mai ranar biya kusa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. Amurka ta ware dala biliyan 5 a dokar ababen more rayuwa ta 2021 don a kafa tashoshin caji a manyan hanyoyi, tasha a kowane mil 50, wajen kilomita 80, kowace da aƙalla baki huɗu masu kilowat 150. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa a samu tasha a kowane kilomita 60 a manyan hanyoyinta. Ƙasashe masu miliyoyin motocin lantarki ne waɗannan, amma sai da gwamnati ta sa kuɗi ko ta sa doka, domin ɗan kasuwa ba ya zuwa tsakiyar hanya don kansa kafin motoci su yi yawa, motoci kuma ba sa hawa hanya kafin ya zo. Tesla ta fara gina nata tashoshin a 2012 ne don ta sayar da mota, ribar tana can wajen motar. Mai gidan mai a Akwanga ba ya sayar da mota, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin tallafi. Ina ganin ya kamata gwamnatocin Nasarawa da Filato su duba wannan, musamman yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Filato ma ba baƙuwa ba ce a harkar: kamfanin NESCO ya fara ba ma'adinan kuza wuta daga ruwan Kurra tun zamanin Turawa.

Kafin mutum ya yanke, ya kamata ya ajiye wani zaɓin dabam a gefe ya auna, wato caja mai zuba wuta a hankali a cikin gari. Ƙaramar caja ta bango mai kilowat 7 tana zuba yunit 56 a awa takwas, ta cika yawancin motoci kafin asuba. Kuɗinta ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin babbar caja, ba ta buƙatar taransifoma tata, kuma in ta yini babu kowa ba ta ci maka komai ba. Ga mai otal a Rayfield ko mai fili kusa da ofisoshi a Garki da Jabi, wannan ita ce amsar, ba sai an yi dogon lissafi ba: baƙo ya kwana, motarsa ta cika, ka samu kuɗin ɗaki. A duk ƙasashen da motocin nan suka yaɗu, mafi yawan caji a gida da wurin aiki ake yi. Babbar hanya ragowa take samu. Sai dai ragowar ce ke ba mutum ƙarfin zuciyar sayen motar tun farko, shi ya sa nake son a gina tashoshin, kuma shi ya sa ba na son na farkon su karye.

Ƙananan abubuwa biyu da ke iya rusa komai. Bakin caja ba iri ɗaya ba ne. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin suna da GB/T, na Turai CCS2, tsofaffin da ake kawowa daga Amurka CCS1 ko bakin Tesla, Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Ka kafa CCS2 zalla alhali motocin da ke bin hanyarka na Sin ne, ka yi shuka a kan dutse. Caja mai baki biyu, ɗaya GB/T ɗaya CCS2, ita ce mafi aminci a yanzu. Na biyu gyara. A tambayi mai sayarwa wa zai zo in ta tsaya, daga ina, cikin kwana nawa, kuma ko akwai kayan canji a Najeriya. Wutarmu mai hawa da sauka da tsawar damina suna kashe irin waɗannan na'urori, don haka kariyar tsawa da kyakkyawar wayar ƙasa ba wurin tsimi ba ne.

Akwai kuma abin da ke gefen Kawu wanda baƙon mai jari ba shi da shi. Fili nasa ne, mai gadi yana nan, masallaci da ban-ɗaki suna nan. Mai sayen fetur ba ya ko kashe mota. Mai caji kuwa zai yi rabin awa zuwa minti 40 a wurinka, da iyalinsa, kuma yawanci mai hali ne. Zai yi salla, ya ci tuwo ko shinkafa, yara su sha lemo, uwargida ta sayi doya a bakin hanya. Ribar abincin mutum huɗu tana iya kamo ribar cajin kanta. Wanda zai sayi fili, ya gina komai daga tushe don caja kaɗai, lissafinsa ya fi wanda na kawo muni nesa ba kusa ba, kuma shi zan ce masa ya dakata.

Da mako ya cika na koma Kubwa. Na ce, "Kawu, kada ku sayi ta takardar nan yanzu. Ku fara da sola a kan rumfa don ku kashe janaretan gidan mai, ku sa a ja bututun waya a ƙasa zuwa inda caja za ta zauna, don kada a fasa siminti sau biyu. Caja kuma sai kun sami mai sha." Ya ce, "Wane ne mai sha?" Na ce kamfanin sufuri ne, ko wata ma'aikata, ko gungun direbobin da ke lodin Jos daga Jabi ko Nyanya, wanda ke da motocin lantarki ko yake shirin saye, ya sa hannu cewa motocinsa za su tsaya a nan kullum, a ba shi ragi, ko da 380 ne a maimakon 450. A wannan farashin ribar mota 4,500 ce, motar haya kuma tana iya tsayawa sau biyu, zuwa da dawowa. Mota biyar masu yarjejeniya sun kawo 45,000 daga cikin 50,000 ɗin, sauran matafiya su cike gurbin. Cunkoson Sallah da na Kirsimeti kada a gina lissafi a kansa, mako biyu ne a shekara.

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To ta yaya zan san suna wucewa?" Na ce ya saya wa yaron da ke kan famfo na farko littafi mai layi, a nuna masa yadda ake gane su, ba bututun hayaƙi, ba ƙara, ya riƙa jan layi ɗaya duk wadda ta wuce, da rana da lokaci, da sunan motar in ya gani. Duk wadda ta tsaya sayen ruwa a tambayi direban inda ya yi caji da irin bakin motarsa. Kawu ya ninke takardar mai sheƙi ya mayar aljihu, ya ce a sayo littafin gobe, wata uku za a yi ana ƙirga.